Kukan da Kunne Bai Ji Ba

Ina loda burodi a bayan mota wayar ta shigo. Gari ya riga ya waye sarai, na tayar da inji na bar shi yana ɗumi kamar yadda abokina bakanike ya koya mini, ina jera farantai ɗaya bisa ɗaya. Da na ga lambar babbar 'yarsa sai na ɗauka da fara'ata, don na zaci saƙon kullum ne, in biya in ɗauko shi zuwa gareji. Ta ce, "Baba Mai Burodi, a tsaye kake ko kana tuƙi?" Na ce a tsaye nake. Ta ce in nemi wuri in zauna. Ban zauna ba, ita ma ba ta jira ba. Ta ce lafiya lau ya tashi, ya sha shayinsa, har ya sa rigar aiki, ya zauna a bakin gado zai ɗaure takalmi, sai ya jingina da bango kamar mai ɗan hutawa. Shi ke nan.

Ban san abin da na ce mata ba. Na dai tuna ta ce ba ta ji na sosai saboda ƙarar mota, in kashe. Na kai hannu kan makulli na kasa murɗawa. Injin yana tafiya sumul, ba rawa ba tari, kuma hannunsa ne ya mayar da shi haka. Sai na bar motar na koma can jikin katanga muka ƙarasa maganar, ita kuma tana ta aikinta ita kaɗai.

Kunne ake ce masa, daga wannan kan titi har wancan. Yaran da suka tashi a gabansa ba su ma san yana da wani suna ba. Maiɗakinsa ce kawai ba ta faɗa, Maigida take cewa, in ya ɓata mata zanen gado kuma ta ce Mai Baƙin Hannu. Bakanike ne irin na da, mai rumfa a bakin hanya. Ni kuwa burodi nake kaiwa shaguna tun ina yi da keke, kuma keken ne ya haɗa mu. Sarƙa ta tsinke mini a gaban rumfar da yake aiki muna samari, ya fito ya haɗa ta, ya ce ladansa burodi ɗaya. Ya daɗe yana zaɓe har ya ɗauki wanda ya fi kowanne girma, ya raba biyu, ya miƙo mini rabi. Tun daga ranar ban sake karyawa ni kaɗai ba sai in ina kwance. Da tumbina ya fara tasowa ya laƙaba mini Yisti, wai ni ko ba a sa ni a wuta ba kumbura nake. Har jikokina da shi suke tsokanata.

Mahaifinsa injin niƙa yake da shi, a ɗakin da ke jikin nasu. Mahaifiyarsa takan ce yana jariri ba ya barci sai inji na aiki, kuma in bel ya saki kaɗan shi ne farkon mai kuka, kafin uban ya lura. Ban san ko gaskiya ne ko son ɗa ba ne, amma duk wanda ya ga aikinsa bai yi mata musu ba. Makaranta bai yi nisa ba, ni ma haka, a kan wannan ba mai yi wa wani gori. Ya yi aure da wuri, ya haifi 'ya'ya mata, ya aurar da su da sifana da guduma. Bai taɓa mallakar mota tasa ba. In an tambaye shi yakan ce duk motocin unguwa nasa ne, aro kawai yake ba masu su.

Garejin ba wani abin kallo ba ne. Rumfar kwano ce mai bango ɗaya, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da mai har tana ƙyalli. Sifanoninsa na rataye a jikin ƙusoshi daga ƙarami zuwa babba, kowanne ya zagaye shi da farin fenti, ta yadda in ɗaya ya ɓata hotonsa zai tsaya a bango yana tona asiri. Ga gwangwanayen madara cike da notoci, ga rediyo mai eriyar waya, ga tsohuwar kujerar mota da muka mayar benci, wadda ƙarfenta ya san ɗuwawuna fiye da kujerar gidana. A gefe shagon tela ne. Kayan aikin da ya fi ji da shi wani dogon sukudireba ne mai ƙotar katako, ta yi santsi saboda hannu. Yakan dafa bakinsa a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido. In ya buɗe idon nan, to ya san inda ciwon yake.

Dokokinsa biyu ne, kuma ba ya ɗaga su don kowa. Ta farko, kafin ya taɓa mota sai mai ita ya yi masa kukanta da baki. Ba ya karɓar "tana wata irin ƙara." Sai ka tsaya a gabansa da girmanka da babbar rigarka ka yi gur-gur, ka yi ƙyas-ƙyas, ka yi tari in tari take. Na ga dattawa suna waige-waige kafin su fara. Akwai wata mai sayar da atamfa da ta yi masa kukan birkinta, ya ce ta sake, ta sake, ya ce ta ƙara, sai da ta yi sau da yawa ya ce ai tun na farko ya gane, daɗin ji kawai yake, don ta fi motar iyawa. Ta bi shi da takalmi har shagon tela.

Ta biyu, da zarar ya ɗaga bonet, kowa ya rufe bakinsa. Yakan ce mai mota ya gama faɗin nasa, yanzu ita ce za ta faɗi nata, kuma ba ya son a katse ta. Tela ya san wannan, yana jin ƙarar ɗaga bonet zai ɗauke ƙafa daga keken ɗinki. Ni da nake da surutu kamar rediyo na sha jifa da tsumma kafin dokar ta zauna mini a jiki.

Akwai kuma wata magana da yake yawan yi tun yana jin ƙarfinsa. In ya gano ciwon da ya gagari wasu, ana yaba masa, sai ya goge hannu ya ce, "Ranar da mota ta yi magana ban ji ba, ranar zan sauke sifanonin nan in tafi gida." Da dariya yake faɗa, mu ma mu yi dariya. Duk unguwa an san maganar. Ba wanda ya kawo a ransa cewa za ta dawo ta tsaya masa a wuya.

Butar shayi ce ta fara gaya mini. Yana da wata buta mai busa, in ruwa ya tafasa tana fito har tsallaken titi. Wata safiya na iso na tarar tana ta ihu a kan risho, shi yana zaune kusa da ita yana wanke noti a cikin kananzir, ko gezau. Na sauke ta da kaina. Bayan wannan sai na lura rediyo ta ƙara murya, waya tana kuka a aljihunsa ba ya ɗauka, kuma in kana masa magana bakinka yake kallo ba idonka ba. Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ta matsa ta kai shi wajen likita. Likita ya ce shekarun guduma da ƙarar inji ne suka cinye jin, kuma siraran sautuka su ke fara tafiya, masu kauri su daɗe. Aka ba shi wata 'yar na'ura ta sawa a kunne. Ya sa ta wuni ɗaya ya ce duniya duk ta koma kamar ana suya a cikin kansa, ya jefa ta cikin gwangwanin notoci.

Bai daina aiki ba, dabara ya sake. Ƙotar sukudireba ta koma kan ƙashin bayan kunne, daga baya ma a haƙori yake cije ta, wai ta nan ƙarfe ya fi yi masa magana. Ya koyi dafa tafin hannu a jikin mota ya ji rawar inji. Dokarsa ta farko kuwa ta rufa masa asiri sosai, don tun da can yana sa mutane su yi kukan mota, yanzu kuma sai ya riƙa karantawa a leɓensu da kumatunsu. Masu kawo gyara ba su gane komai ba. Mu kaɗan ne muka sani, maiɗakinsa da Uwata da tela da ni, kuma ba wanda ya taɓa furtawa a gabansa.

Sai ga motata ta kwanta ciwo. Tsohuwar 'yar bas ce da na cire wa kujeru, shi ya sa mata suna Gwaggo saboda yawan mita. In na tayar da ita na bar ta a tsaye, sai ta kama rawa, sitiyari na kaɗawa a hannuna, farantan burodi na karo da juna. In na taka totur, maimakon ta ja sai ta yi luu kamar wanda aka shaƙe, ta yi tari, ta mutu. Ta mutu mini a tsakiyar mahaɗar hanya da sassafe, ana ta danna mini hon ta ko'ina, har wasu bayin Allah suka tura ni gefe. Na lallaɓa ta zuwa gareji, na tsaya a gabansa na yi masa kukanta, da rawar da tarin da mutuwar, har da girgiza tumbi. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce Gwaggo yunwa take ji, kafin shayi ya huce zai sallame mu.

Ya ɗaga bonet, na kama bakina. Ya kwance fulogai ya jera su a kan tsumma, kawunansu sun yi fari-fari kamar toka. Da ya rufe bonet ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce inji da mai da iska yake rayuwa, kamar shayi da madara, kowanne da gwargwadonsa. In fulogi ya yi fari haka, ko dai mai ne ba ya isa, ko kuma iska ce take satar shiga ta inda bai kamata ba. Ya ce iska in tana sata ba ta iya yin shiru, fito take yi, kuma ya saurara bai ji fito ba. Don haka mai ne.

Na gyaɗa kai. Wa zai yi wa Kunne gardama a kan abin da aka ji ko ba a ji ba?

Ya canza matatar mai. Ba ta sake zani ba. Ya kwance kafireta gaba ɗaya, wato mahaɗar mai da iska, ya shimfiɗa farin ƙyalle ya jera 'yan ƙananan kayanta kamar mai baje kolin 'yan kunne, ya wanke kowanne da fetur, ya hura 'yan hujojin da bakinsa, ya mayar. Gwaggo ta tashi ta ci gaba da rawarta. Ya zare tiyon mai ya sa a kwalba, ya ce in murɗa makulli, mai ya zubo da ƙarfinsa, famfo lafiya lau. Ya juye tanki ko ruwa ya shiga, babu ruwa. Ya bi wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wuni ya zama kwanaki, kwanaki suka tasam ma makonni. Ni ina kai burodi da motar surukina, in na gama in dawo in zauna a benci ina kallon ƙeyarsa.

Raha ta ragu a rumfar. Ya daina tsokanar tela, rabin burodinsa ma sai ya bushe a kan gwangwani. Tela ya ja ni gefe ya ce ko in ɗauke motar in kai wani wuri a ɓoye, in dawo in ce ta warke da kanta. Na ce Gwaggo ba ta san hannun kowa ba sai nasa, kuma da zai ɗaga bonet ya ga an taɓa, gara a ce na mare shi a kasuwa.

Uwata ita ke kawo masa abincin rana. Ta daɗe tana so ya huta, don ban da kunnen, ƙirjinsa ma ya fara ba shi wahala, in ya ɗaga abu mai nauyi sai ya tsaya yana haki. Ta gyara musu ɗaki a gidanta shi da mahaifiyarta, har da labule sabo. Ba mai faɗa ba ce, a hankali take bin sa. Ranar ta ajiye kwano, ta tsaya tana kallonsa ya sunkuya a cikin inji, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ta zagaya inda zai ga bakinta ta ce ai ya yi wa mutane iya yinsa, ba wanda zai zarge shi. Ya ɗago ya ajiye sifana. Sannan ya ce, "Uwata, bar ni da Gwaggo zuwa ƙarshen mako. In ta fi ƙarfina, to ta yi magana ban ji ba ke nan. Ki zo ki karɓi makullin."

Washegari da na iso na ga abin da ban so gani ba. Manyan sifanonin da ba ya buƙata a aikin Gwaggo duk ya sauke su, ya shafe su da mai, ya jera a akwati. Hotunansu na farin fenti kawai suka rage a bango. Kullum sai in tarar an ƙara sauke wasu. Na san mutumin nan, ɗakin da ke da sabon labule ba zai riƙe shi da rai ba.

Ana gobe wa'adin zai cika, da la'asar, ya sake tayar da Gwaggo ya ɗaga bonet. Ya cije ƙotar sukudireba yana bin jikin inji a karo na ban san nawa ba. Ni ina tsaye a ɗaya gefen na harɗe hannu. To, akwai wani ɗan siririn kuka da nake ji a duk lokacin da bonet ke buɗe, kamar mutum na zuƙar shayi mai zafi ta tsakanin haƙora. In ina kujerar direba ba na jin sa, shi ya sa bai taɓa shiga cikin kukan da nake yi masa da baki ba. Sai an buɗe bonet yake fitowa, lokacin kuma doka ta ce a yi shiru. Ban ma taɓa ɗaukarsa wani abu ba. Da ya ce mini iska fito take yi, na zaci irin fiton butarsa yake nufi. Kuma a raina, duk abin da ni na ji a jikin inji, shi ya riga ni ji tun tuni. Na san ba ya jin buta, na san ba ya jin waya, amma ban taɓa haɗa wannan da mota ba. A wajena Kunne da inji ba sa buƙatar tafinta.

Ashe shekarun da na yi ina kwaikwayon mota sun ɓata mini baki. Ban sani ba na haɗe haƙora, na ja leɓe, ina bin ɗan kukan nan a hankali. Ya ɗago zai share gumi, idonsa ya sauka a kan bakina.

"Yisti, me kake tsotsa?"

Na nuna masa bonet da haɓa, wato doka.

"Na ɗage ta. Yi magana."

"Ba komai. Ɗan ƙaramin kukan nan nake bi."

"Wanne?"

"Siririn nan mana, na can ciki." Na sake yi masa, wannan karon da gangan.

Ya ƙura wa bakina ido har na ji kunya. Ya cire sukudireba ya ajiye.

"Tun yaushe take yin sa?"

"Tun ranar da na kawo ta."

"Tun ranar da ka kawo ta," ya maimaita a hankali.

Ya je ya zauna a benci, ya ciro tsumma daga aljihun baya yana goge yatsunsa ɗaya-ɗaya, alhali ba abin da ke goguwa. Gwaggo na ta rawa a gabanmu. A raina na ce yau na kashe abokina da bakina. Shi da duk rayuwarsa bai taɓa neman satar iska da ido ko da hannu ba, don kunnensa na kamo ta kafin ya gama sunkuyawa, ya saurara ya ji shiru, ya yarda da shirun. Wani bakaniken da bai kai shi ba da tuni ya bi tiyoyin nan da yatsa.

Can sai ya miƙe. Ya ɗauko wani guntun tiyo da yake zuƙo mai da shi, ya goge, ya hure shi sosai, ya cusa mini baki ɗaya a kunne ya ce in riƙe. Na ce in yi magana in na ji? Ya ce a'a, fuskata ta ishe shi, yaushe na taɓa iya ɓoye wani abu. Ya kama ɗaya bakin yana yawo da shi a jikin inji, sannu-sannu, idonsa a kaina. Ya bi ta saman kafireta, ina jin gurnani kawai. Ya bi ta gefe. Ya zura hannu can baya, inda inji ya kusa jingina da jikin mota, wajen wani baƙin tiyon roba mai kaurin babban yatsa. Nan take kukan ya soke ni har cikin ƙwaƙwalwa, na yi tsalle na buge kai da bonet.

Bai ko tambaye ni kan ba. Ya saki tiyon, ya shafa robar nan ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Na ga yatsansa ya tsaya. Ya ɗora ɗaya tafin a jikin mota, ya danne wurin da babban yatsa. Rawar ta tsaya cak. Injin ya daidaita, yana tafiya lumui kamar mage na barci. Ya ɗaga yatsa, ta kama rawa. Ya mayar, ta nutsu. Ya yi ta yin haka kamar yaro ya samu abin wasa, idonsa a rufe, har tela ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Robar ce ta tsufa ta tsage ta ƙasa, tsagar ba ta kai tsawon farce ba. Ya yanko sabuwa daga wadda ke rataye a bango tun bara, ya sa, ya ɗaure ta tam. Ya ce in hau in taka. Na taka totur a tsorace, Gwaggo ta amsa da murya ɗaya. Na ƙara takawa har kwanon rumfa ya ɗauka. Na sauko ina murna zan rungume shi, sai na ga ya juya ya fara sauke sauran sifanonin.

Ya ce magana magana ce. Ta yi ta kiransa tun ranar farko bai ji ba, ni na ji.

Ni ba mai iya tsara zance ba ne, amma ranar bakina ya buɗe. Na tsaya inda zai gan ni da kyau. Na ce na ji, to me na tsinana da jin? Na yi makonni ina ji ina tsotsar haƙori kamar wawa. Shi kuma kallo ɗaya ya yi wa bakina ya san inda zai kai hannu. Ya ce wannan ai kunnen haya ne, shi bai taɓa aiki da kayan haya ba.

Na ce, "Ba haya ba ne. Ranar da ka haɗa mini sarƙa ka zaɓi babban burodi ka ba ni rabi, na ce maka haya ne? Kunnuwa biyu gare ni, ɗaya ya ishe ni jin faɗan matata."

Ya kalle ni, ya kalli akwatin. Ya ce kunnen nawa ma ai cike yake da gari, sai an wanke da kananzir. Sannan ya sunkuya ya ɗauki mafi girman sifana ya mayar da shi kan hotonsa. Na riƙa miƙa masa yana ratayewa har bango ya cika.

Da Uwata ta zo karɓar makulli washegari, bangon ta fara kallo, sannan Gwaggo, sannan ni. Na sunkuyar da kai kamar ni na yi laifi. Ta ce tunda mun haɗa baki, to ga nata sharuɗɗan: rabin wuni kawai, ba ɗaga abu mai nauyi, magani a kan lokaci, kuma ni zan ɗauko shi ni zan mayar da shi. Ya ce ya ji. Ta ce ba ji ta tambaya ba, yarda ta tambaya. Muka yi dariya mu duka, ita tana yi tana share ido.

Daga nan dokar ta biyu ta samu gyara. In an ɗaga bonet kowa ya yi shiru, ban da Yisti. Ina gama rabon burodi sai in zo in tsaya a gefensa da guntun tiyona a wuya kamar likita. Ya koya mini bambancin kukan bel da na iska, da ƙarar da ke fitowa daga sama da wadda ke fitowa daga ƙasa, ni in yi masa da baki, shi ya kai hannu. Mutane suka zaci sabuwar tsokana ce ya ƙirƙiro don ya wahalar da ni. Ya ci burodinsa, ya koma jan tela da faɗa, har mai atamfa ta dawo da sabon kuka. Damina ta wuce mu a haka, sanyi ya shigo ya fita. Ɗakin nan mai sabon labule bai kwana a cikinsa ba ko sau ɗaya.

Bayan an gama komai Uwata ta kawo mini sukudireban, naɗe a cikin tsummansa. Alamar haƙoransa na nan a jikin ƙotar. Na sa shi a aljihun mota, ban iya amfani da shi ba, kuma ba zan koya ba.

Ana gobe zai rasu ba mu sami aiki da yawa ba. Da azahar ta yi na ce ya zo in kai shi gida. Na tayar da Gwaggo, sai ya ce in dakata. Ya zagayo gaba, bai ɗaga bonet ba, ya dai ɗora tafinsa a kai ya tsaya. Na leƙo ta taga yadda zai ga bakina.

"Me take cewa?" ya tambaya.

"Ba ta cewa komai. Numfashi kawai take."

"Kar ka yi mini kara, Yisti."

"Da akwai da ka gani a fuskata."

Ya duba fuskar tawa da kyau, ya gyaɗa kai.

"To bar ta ta ɗan ƙara, ina jin ta a hannu." Injin ya ci gaba da tafiya. Sannan ya ɗaga hannun, ya buɗe ƙofa ya shigo ya zauna. "Na yau ƙarami ka kawo, na gani na ƙyale ka."

"Gobe zan zaɓo babba."

"Ka zaɓo," ya ce. "Mu raba."